Awon Busasshe

Ni tun ina saurayi bola na sani. A Kano na yi jari-bola shekara da shekaru, buhu a kafaɗa, lanƙwasasshen ƙarfe a hannu, daga Kurna har Dakata. Ba na jin kunyar faɗa. A can duk abin da ka tsinta yana da mai saye: dalma, jan ƙarfe, gorar ruwa, tsohon silifas, har ƙashi. Ka kai wa mai sikeli, ya ɗora, ku ɗan yi musu, ya ba ka abinka. Daga baya wani Alhaji ɗan unguwarmu mai saro kaya daga Dubai ya ga ina da ƙarfi, ya yi mini hanya na zo Dubai ina ɗaure masa kaya a unguwar 'yan kasuwa da ake kira Naif. Na daɗe ina ɗaure dilar takalma da jakunkuna da abaya ina turawa kontena. Da naira ta faɗi Alhajin ya rage zuwa, sannan ya daina. Ni kuwa girma ya riga ya kama ni, ba zan koma gida hannu rabbana ba.

Haka na shiga wani kamfani mai kwashe shara daga teku. Jirage biyu gare su, ƙanana, masu faɗin ciki kamar tire. Aikinmu mu bi gaban otal-otal, da mashigar jiragen masu kuɗi, da gefen duwatsun nan da aka jera don su tare ƙarfin ruwa, muna kwasar abin da yake yawo. Kwana kuma a kam, masaukin ma'aikata, can unguwar Di-Ai-Pi cikin masana'antu, bas ya kwaso mu da safe ya mayar da mu da yamma.

Mu uku ne a jirginmu. Akwai direba, wani dattijo Ba'indiye mai 'yar furfura a kunne, muna ce masa nahuda kamar yadda Larabawa suke kiran mai tuƙa jirgi. Sai ni. Sai wani Badamagare, ya ɗan girme wa talatin, siriri, ya yi lakwal, wato makarantar Faransanci, har wani mataki. Tela ne a gida, saboda haka Tela nake ce masa. Shi kuma tun ranar da ya ji daga Kano nake ya samu abin yi.

"Bakano, miƙo mini ƙugiya. Bawa ba ya zama ubangidansa yana tsaye."

"Wa ya ga ubangida da wando ɗaya?"

"Wandon nan ni na ɗinka shi. Naka fa? Gwanjo."

Haka muke yini. Idan ba wannan wasan ba, ban san yadda mutum zai yi da ranar tekun nan ba.

Satin farko da na ga gorunan ruwa birjik a kan ruwa, raina ya yi fari. Idon ɗan bola ne. Na ce wannan ai jari ne Allah ya shimfiɗa, ba mai tsinta. Na tambayi nahuda ina ake sayarwa. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ci gaba da tuƙinsa. Sai da aka tura ni rakiyar motar kaya zuwa wurin masu niƙa roba na gane dariyar.

Mai injin ya buɗe buhunmu, ya zaro gora ɗaya, ya matse ta a hannu. Ta ruguje kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce rana da gishiri sun cinye ta, ba sauran ƙarfi a jikinta. Ya ce yashin da ke ciki yana dakushe masa wuƙaƙen inji. In kuma wanke ta zai yi, sai da ruwan daɗi, ruwan daɗi kuwa a garin nan da kuɗi ake tace shi daga tekun. Ya nuna mini wani tsibi a gefe, gorunan da aka kwaso daga kwandon sharar otal, tas da su, wasu ko murfi ba a yar ba. Waɗannan yake saye da daraja. Namu ya tsinci 'yan kaɗan ya ba da abin da bai kai kuɗin shayi ba. Ragowar muka kai inda ake ƙona shara, a nan ma mu muka biya kafin a buɗe mana ƙofa.

Na dawo ina ta juya abin a raina. Man da jirgi yake sha a yini ya ninka kuɗin robar da muke kwasowa ban san sau nawa ba. Ga albashin mutum uku, ga mota, ga kam. A Kano wanda ya yi irin wannan sana'ar sai 'yan uwansa su kai shi a duba kansa.

Tela ne ya warware mini, don shi yana karanta takardun da ake liƙawa a ofis. Ya ce akwai wasu kamfanoni a Turai masu sayar da sabulu da takalma da lemo. Su ne suke biyan kamfaninmu a kan kowane kilo da aka fitar daga teku, don su rubuta a jikin kwalinsu cewa sun tsabtace ruwa. Robar ba sa son ganinta. Lambar kilon suke so.

"Wato nauyi muke sayarwa," na ce.

"Walà. Ka ga Bakano in an yi masa bayani a hankali yana ganewa."

Lokacin a bakin ruwa ake awo. Muna dawowa da la'asar, ƙugiyar inji ta ɗaga manyan buhunan, ruwa yana tsiyaya, yashi da ciyawar teku duk a ciki, a ɗora a sikeli a rubuta. Bayan albashi akwai ɗan ƙarin da ake ba mu gwargwadon nauyi. Tela albashinsa gida yake turawa gaba ɗaya, ga mata, ga 'ya'ya, ga tsohuwa. Ƙarin awon nan shi yake tarawa. Akwai wani keken surfani da ya gani a babbar kasuwar 'yan Sin da ke gefen Intanashinal Siti, mai yi wa wuyan riga aiki da kansa. Ranar hutu yakan shiga bas ya je ya tsaya a gabansa, ya shafa, ya tambayi kuɗin da ya riga ya sani, ya dawo. Ya ce ranar da ya saye shi ranar zai bar ƙasar. A kam shi ke ɗinke wa kowa kayan aiki da allura da zare. In ya kama maka yagaggen aljihu sai ka nemi wurin ka rasa. Hannu ne da shi.

Farkon zafi wata Baturiya ta zo daga wurin masu biyan kuɗin. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta tsaya a bakin ruwa da hularta, tana kallon yadda ruwa yake zuba daga buhu yana kan sikeli. Ta ɗauki hoto, ta gaishe mu, ta tafi. Ba a daɗe ba aka ɗauke sikelin aka mayar da shi sito a Di-Ai-Pi. Ban ga laifinta ba. Mai sikelina na Dakata ma ba ya sayen ruwa.

Mudir, wato manajanmu, ya tara mu duka jirage biyun. Ya ce daga yau awo na busasshe ne: a baza kaya a rana, a kakkaɓe, sannan a auna. Ya ce lissafi ba ya ɗaukar jirgi biyu kuma. Bayan zafi za a sabunta kwangila, jirgi ɗaya za a bari, wanda ya fi kawo nauyi. Ɗayan kuma halas. Kowa ya san ma'anar halas: ba aiki, ba biza, sai filin jirgin sama.

Wanda bai taɓa ɗaga busasshiyar roba ba ba zai gane abin da aka yi mana ba. Buhun goruna mai girman shago, in ya bushe, bunsuru ya fi shi nauyi. Farin soson nan da ake sa kifi a ciki kuwa iska ce kawai. Leda ma haka. Sai ya zamana abin da aka ɗauke mu mu kwashe shi muke wucewa. Goruna suna bugun jikin jirgi, ledoji suna binmu, mu ko kallo. Idonmu yana kan abu mai nauyi: tsohuwar taya, ragar masunta da ta tsinke, igiya.

Mutanen ɗaya jirgin 'yan Uganda ne biyu da wani ɗan Nepal. Kicin ɗinmu ɗaya a kam. A da in mai ya ƙare mini nasu nake ɗiba. Bayan maganar mudir kowa ya sa wa akwatinsa kwaɗo. Da safe in an tambayi wani ina za su nufa yau, sai ya ce Allah ne ya sani. Ba su yi mana komai ba, mu ma ba mu yi musu ba. Gaisuwa ce dai ta gajarce.

Tsakiyar zafin muka ga igiyar. A gindin duwatsun tare ruwa take, can nesa da otal-otal, inda ba mu saba zuwa ba. Igiyar ɗaure manyan jiragen kaya ce, kaurinta ya kai cinyata. Kanta ɗaya yana yawo a sama, sauran ta nutse ta cusa tsakanin duwatsu, ba ka ganin ƙarshenta. Duk jikinta ya lulluɓe da wasu 'yan halittu masu ɓawo kamar katantanwa, sun manne mata, bakinsu kamar reza.

Nahuda ya girgiza kai. Ya ce wannan aikin babban jirgi ne mai inji. In muka gaya wa ofis za su ce hayar injin ta fi ƙarfin abin da za a samu, ko kuma a raba nauyin tsakanin jirage biyu.

Tela ya ce, "Patron, shwaiya shwaiya, a hankali za mu bi ta. Mu yanka ta gunduwa-gunduwa. Kullum mu ɗauki abin da za mu iya."

Ya juyo wurina. "Babba, wannan ita ce bizarmu."

Ba ya ce mini Babba sai in maganar ta gaske ce.

Muka sayi zarto da kuɗinmu. Kullum mu yi zagayen otal da sauri don a gan mu, sannan mu sulale wurin igiya. Ni in jawo da ƙugiya in danne a bakin jirgi, Tela ya yi ta goga zarto, mu mirgino gunduwar ciki. Ranar nan ta Dubai ba a ba da labarinta. Ruwan da kansa ɗumi ne da shi kamar an dafa na wanka. Iska ba ta busar da gumi, ƙara maka take yi. Safar hannun da kamfani yake bayarwa ta roba ce mai laushi, ta ɗaukar gora. Ɓawon nan ya yi mata filla-filla tun ranar farko. Muka naɗe ta da salatif muka ci gaba.

Wata rana igiyar ta kuɓuce mini, ruwa ya ja ta, ta zare ta cikin hannun Tela na dama. Ya ɗan ja tsaki ya saki zarton.

"Mu gani," na ce.

"Ba komai, Bakano. Allura ta sha yi mini abin da ya fi wannan."

Yankan yana tsakanin babban yatsa da manuni, bai fi tsawon ƙwayar dabino ba, amma ya shiga. Ya sunkuya ya tsoma hannun a teku, ya ɗan cije leɓe.

"A gida in ka yanke me ake sa maka?"

"Gishiri."

"Walà. Ga gishiri nan Allah ya jiƙa, ba ko dala."

Ni ma abin da na sani ke nan. Tsohuwata da ruwan ɗumi da gishiri take gasa mana ciwo. Wanzami ma haka yake cewa. Duk shekarun da na yi a bola, in kwalba ta yanke ni gishiri nake barbaɗawa in ɗaure da tsumma, ga ni nan da yatsuna goma. Mu mutanen tudu ne. Daga ni har shi ba wanda ya taɓa ganin teku sai da ya zo ƙasar nan. Gishiri dai gishiri ne a wurinmu.

Nahuda ya yi ta cewa, "Mafi zen, mafi zen," wato ba kyau. Ya zuba masa ruwan gora, ya liƙa masa filasta. Filasta ba ta zama a hannun da yake cikin ruwa. Kafin mu koma ta faɗi. Tela ya ce dattijon tsoro ne da shi kamar duk Indiyawa. Daga ranar, safe da yamma, sai ya kwance tsumman da ya ɗaure wurin da shi ya tsoma hannun a teku, ya ce zai sha magani.

Ba wai babu asibiti ba ne. Akwai katin magani da kamfani ya yi mana, in ka je za a duba ka. Amma likita in ya ga ciwo a hannun mai aikin ruwa hutu zai rubuta. Dokar kamfani kuwa jirgi ba ya fita sai da mutum uku. Ko dai a ɗaure jirginmu har ya warke, ɗaya jirgin yana ta tara kilo, ko a kawo wani a madadinsa, ranar sabunta kwangila sunan wancan ne a jirgi. Tela ya fi ni sanin wannan.

Hannun ya fara kumbura. Da farko wurin yankan ne, sannan bayan hannun ya tashi yana sheƙi. Ya daina karɓar ɗinki a kam, ya ce zare ya ƙare. Ya koma riƙe zarto da hagu. Muka canza aiki, ni nake yanka, shi yana danne igiyar da gwiwa da gwiwar hannu.

Wata Juma'a bayan masallaci muka je Naif, wurin wata Hajiya mai tuwo a saman bene, inda 'yan kasuwarmu suke taruwa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Tela ya nemi cokali, ya riƙe da hagu.

Wani Alhaji Bakano mai saro jakunkuna, wanda na taɓa ɗaure wa kaya, ya hango shi.

"Ikon Allah. Damagarawa an waye. Tuwo da cokali, kuma da hagu. Faransa ce ta koya muku?"

"Alhaji, hannun dama na ajiye shi ne don marin Kanawa."

Aka yi dariya. Alhajin ya ce to a kwance tsumman a ga makamin. Tela ya ƙi. Wani ɗan Maraɗi da ke kusa da shi ya kama hannun rigar ya ja tsumman. Dariyar ta tsaya. Fatar ta yi baƙi-baƙi a gefen yankan, ga wasu ƙuraje masu ruwa, ga wari. Wanda ke gefensa ya janye kwanonsa.

Alhajin ya ce, "Kai, yaro, wannan ba na wasa ba ne. Tashi in sa ka a tasi yanzu."

Ɗan Maraɗin ya juya harshe zuwa Faransanci, yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba. Tela yana ta cewa, "Wi, wi, dakor," yana mayar da tsumman.

"Saura kaɗan, Alhaji. Igiyar ta kusa ƙarewa. Ana gama ta zan je likita da ƙafata."

"Wace igiya?"

Ba wanda ya yi masa bayani. Ta yaya za ka gaya wa mai kontena uku a kan ruwa cewa tsohuwar igiya ce ta hana ka zuwa asibiti?

A bas na ce masa, "Tela, gobe ka je."

"In na je kai ma ka tafi, ka sani ko? Da furfurar nan wa zai ɗauke ka?"

"Wannan matsalata ce."

"Bon. Tawa kuma tawa ce. Bawa ba ya ba ubangida shawara."

Ya jingina kai da gilashi. Na ga gumi a goshinsa, alhali sanyin bas ɗin har cizo yake.

Bai je ba. Muka koma kan igiya. Saura gunduwar ƙarshe da za ta ciru, sauran ta shige ƙarƙashin dutse ba yadda za a yi da ita. Bayan azahar ina cikin yanka sai na ji igiyar ta yi sako-sako. Na ɗaga kai. Tela ya zauna a ƙasan jirgi cikin ruwan ƙazanta, haƙoransa suna haɗuwa, a cikin wannan ranar. Ya yi amai. Ya dube ni yana kiran wani suna da ban sani ba, ina jin na ƙaninsa ne, yana cewa a rufe shago hadari ya taso. Na ja hannun rigarsa sama. Wani jan layi ya bi damtsen har hammata.

Nahuda ya juya jirgi ya ba shi wuta, yana magana a waya. Kafin mu isa motar asibiti tana jira. Gunduwar ƙarshen tana cikin jirgi, ban san lokacin da na mirgino ta ba.

A asibitin akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sudan, irin Hausawan can, Hausarta da ɗan nauyi. Ita ta fassara mini abin da likita ya ce. Ta tambaye ni me ake sa wa ciwon. Na gaya mata. Ta dube ni.

"Baba, gishirin kicin daban, teku daban. Ruwan nan in ya yi ɗumi akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa a ciki, gishirin ma shi take so. Kullum da ya tsoma hannun, ƙara mata yake yi."

Aka shiga da shi tiyata a ranar, aka sake shiga da shi bayan kwana kaɗan. Sun ceci ransa, sun ceci damtsen. Babban yatsa da manuni sun tafi, da naman tafin hannun ta wannan gefen har wuyan hannu. Sun yanko fata daga cinyarsa sun rufe wurin.

Ranar hutu na je duba shi. Ya rame, idanun sun faɗa. Hannun yana kan matashi a naɗe kamar jariri. Na zauna, na ce Allah ya sa kaffara ne.

"Amin. Kai Bakano, ka saki fuska mana. Keke ai da ƙafa ake taka shi."

Na yi ƙoƙarin dariya. Shi ma ya yi. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya haɗa babban yatsa da manuni kamar mai riƙe allura, yana kallonsu. Ya daɗe a haka. Ya mayar da hannun ƙarƙashin bargo, ya tambaye ni ko an yi awo.

Ba a yi ba tukuna. Igiyar tana filin sito a baje, gunduwa-gunduwa kamar an yanka maciji. Warinta ya hana masu gadi zama. Rana ta gasa ta, ɓawon nan ya zube, aka share aka zubar don shi ba roba ba ne. Da aka ɗora ta a sikeli ta rage sosai, amma abin da ya saura ya isa. Jirginmu aka bari. An kawo wani ɗan Bangladash a gurbin Tela tun yana kwance, shi aka sabunta wa biza tare da ni da nahuda. 'Yan Ugandan da ɗan Nepal suka haɗa kayansu. Ɗaya daga cikin 'yan Ugandan ya zo bakin gadona ya tambayi jikin Tela, ya bar mini ragowar shinkafarsa. Sauran biyun ba su yi mini sallama ba.

Ni aka sake turawa rakiyar mota zuwa wurin mai niƙa. Ya sa wuƙa ya warware bakin gunduwa ɗaya. Ya nuna mini: roba iri-iri aka tufka wuri ɗaya, kowace da zafin da take narkewa, ga yashi ya shige har tsakiya. Ya ce ko kyauta ba ya so. Muka wuce wurin ƙona shara. Direba ya biya a ƙofa, ya ɗaga bayan motar, igiyar ta zube cikin rami tare da sharar gari. Muka juyo.

Kamfani ya biya asibiti. Ya ba Tela haƙƙinsa na ƙarshen aiki da diyyar yatsu yadda doka ta ce, da tikiti. A takarda ba wanda ya cuce shi. Mudir har asibiti ya je, ya kira shi habibi. Amma hannu mai yatsu uku ba ya riƙe ƙugiya, kuma kamfanin ba shi da aikin tudu.

Ranar da zai tafi na roƙi nahuda ya jira ni kaɗan. Muka tsaya a ƙofar kam da safe, motocin masana'antu suna ta wucewa, muna jiran motar da za ta kai shi filin jirgi. Akwati ɗaya ne da shi da jakar Gana-mas-go. Ni na ɗaure masa su, don aikina ne na da. Ya sa wata shadda ruwan toka, ɗinkinsa, maɓallan wuya a buɗe. Na gane bai iya sa su ba. Na miƙa hannu na sa masa. Bai hana ni ba.

"Babba."

"Na'am."

"Igiyar nan me aka yi da ita?"

Na yi tunanin in ce an niƙa ta an yi bokitai. Da ya yarda, ko ya nuna ya yarda. Amma ban iya irin wannan ba.

"An ƙona ta."

"Duka?"

"Duka. Mai injin ya ce ba ta niƙuwa."

Ya gyaɗa kai yana kallon titi.

"Amma an rubuta kilon."

"An rubuta."

"Bon."

Motar ta zo. Direban ya ce yalla, yana da wasu da zai ɗauka a gaba. Na sa kayan a baya. Na miƙa masa hannu don mu yi sallama. Ya ɗago na dama, ya tsaya. Ya dubi na hagu, ya fasa. Sai ya lanƙwasa hannun daman ya miƙo mini wuyan hannu, yadda mutum yake yi in ka same shi yana cin abinci. Na kama wurin. Fatar da aka liƙa tana da santsi, ba gashi, sanyi ƙalau.

"Ka gai da gida," na ce.

"Za su ji. Ka riƙe mini Kano, kada ku lalata ta kafin in zo karɓar haraji."

Ya shiga, ya jawo ƙofar da hagu, ba ta rufu ba. Direban ya zagayo ya rufe masa.